Masana motsa jiki da neman gurbi a doka: wa ke magana da yawunsu, kuma me ya shafi mutumin Kaduna?

A watan Oktoban 2024 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta rushe Ma'aikatar Wasanni ta tarayya, ta mayar da ayyukanta hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa, aka naɗa Shehu Dikko ya shugabance ta. Ba a cika shekara ba sai ga sanarwar sabuwar manhajar firamare da ƙaramar sakandare a watan Satumban 2025, inda ilimin motsa jiki da lafiya ya fito a matsayin darasi mai zaman kansa. Labaran biyu sun sa mutane da dama sun ɗauka an share wa masu wannan fanni hawaye. Amma wanda ya zauna da malaman motsa jiki, ko masu horarwa a gidajen motsa jiki na cikin garin Kaduna, ko matasan da suka gama digiri a Zariya, zai ji kukan bai sauya ba. Suna cewa har yanzu doka ba ta san da su ba, kuma shugabannin ƙungiyoyinsu kan je Abuja su yi magana ba tare da an tambayi na ƙasa abin da ke damunsu ba.

Ruɗanin ya samo asali daga cakuɗa abubuwa uku da suka bambanta: hukumar da ke gudanar da wasanni, hukumar da ke ba ma'aikaci lasisi, da ƙungiyar da ma'aikatan suka kafa da kansu.

Su wane ne ake magana a kansu?

A bakin yawancin mutane duk wanda ya rataya usur ya sa rigar wasa koci ne. A aikace kuwa sana'o'in suna da yawa. Akwai malamin motsa jiki na makaranta, wanda ya yi NCE ko digiri. Akwai mai horar da 'yan wasa, wanda aikinsa dabarun cin gasa ne. Akwai masanin kimiyyar wasanni, mai auna ƙarfin zuciya da huhu da gudun ɗan wasa, ya tsara masa atisaye da hutu don kada ya ji rauni. Sannan akwai wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya a Najeriya, wato masanin da ke tsara motsa jiki a matsayin magani ga mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ƙiba ko tsohon da ƙafafunsa suka fara rauni.

Irin waɗannan ne Sashen Nazarin Motsin Jikin Ɗan Adam da Ilimin Lafiya na Jami'ar Ahmadu Bello ke yayewa duk shekara, haka ma kwalejojin ilimi irin ta Gidan Waya. Suna karanta yadda gaɓoɓi da tsoka suke, da yadda jiki ke amsa wahala, da halayyar ɗan wasa.

Likitan fisiyo maƙwabcinsu ne, amma ba ɗaya suke ba. Shi a makarantar lafiya ya yi karatu, a asibiti ya yi horo, kuma shi ake kai wa mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda aka cire wa filasta bayan karaya. Wannan maƙwabtaka ita ce tushen rabin rigimar.

Ƙungiya daban, hukuma daban

Ƙungiyar sana'a mutane ne suka haɗu da son ransu, suka yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, suna biyan kuɗin ƙungiya, suna zaɓen shugabanni. A wannan fanni akwai NAPHER-SD, wadda ta haɗa malaman motsa jiki da ilimin lafiya da nishaɗi da wasanni, akwai kuma NASSM ta masu kimiyya da likitancin wasanni. Ƙungiya tana iya shirya taro, ta buga mujalla, ta kori mamba. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta hana wanda ba mambanta ba yin aikin.

Hukumar da doka ta kafa ita ke da wannan iko. Likitocin fisiyo suna ƙarƙashin hukumar MRTB, wadda doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa. Malaman makaranta suna ƙarƙashin hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda dokarta ta fito a 1993. Wanda ya buɗe asibitin fisiyo ba lasisi ya karya doka. To amma wanda ya gama digiri a kimiyyar motsa jiki, in ya shiga aji TRCN ta san da shi a matsayin malami. In ya fita daga aji ya koma gidan motsa jiki ko ƙungiyar ƙwallo, babu ko ɗaya daga cikin hukumomin nan biyu da aka kafa dominsa. A ƙofar gidan motsa jiki, shi da saurayin da ya tara ƙwanji ya kalli bidiyo a YouTube suna neman aiki iri ɗaya, kuma mai gidan yakan ɗauki wanda ya fi araha.

Ita kuwa Hukumar Wasanni ta Ƙasa aikinta filaye ne da gasa da ƙungiyoyin wasanni na tarayya. Sauya mata suna ko shugaba bai taɓa maganar lasisin ma'aikaci ba. Wannan shi ya sa sanarwar 2024 ba ta kashe ƙorafin ba.

Yadda aka zo nan

An kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971, aka buɗe Cibiyar Horar da Ma'aikatan Wasanni ta Ƙasa a Legas a 1974. Tun daga lokacin harkar ke kai-kawo tsakanin ma'aikata da hukuma, a rushe a dawo. Hankalin gwamnati a lambar zinare yake. Kaduna ta ga wannan da idonta: ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, kuma filin wasa na Ahmadu Bello ya ga wasannin gasar ƙwallon ƙafa ta matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A kowane karo an yi gyaran fili, an yi fenti, an kawo baƙi. Maganar mutumin da zai ci gaba da aiki da matasan unguwa bayan baƙi sun tafi ba ta cika samun mai ɗaukarta ba.

Wani dalilin shi ne fannin ya faɗa tsakanin ma'aikatu uku. Ma'aikatar ilimi tana kallonsa a matsayin darasi, ta wasanni, kafin a rushe ta, tana kallonsa a matsayin gasa, ta lafiya kuma tana ganin ba nata ba ne. Lokacin da aka rage yawan darussan matakin farko a manhajar da ta fara aiki a 2014, an cusa ilimin motsa jiki cikin darasin kimiyya da fasaha. A makarantu da yawa abin ya koma rubutu a allo: yaro ya haddace faɗin filin ƙwallon raga ba tare da ya taɓa riƙe ƙwallon ba, sai lokacin gasar gidaje ta shekara a fito da su rana a yi gudu.

A daidai wannan lokaci cututtuka suka sauya salo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata. Ma'aunin da ta bayar shi ne minti 150 zuwa 300 a mako ga babba, na motsi matsakaici irin tafiya da sauri, da minti 60 a kullum ga yaro. Ta kuma yi hasashen cewa tsakanin 2020 da 2030 mutum kusan miliyan 500 za su kamu da cututtukan da rashin motsi ke jawowa. Ma'aikacin da ke fita daga gida a Rigasa ya hau Keke Napep zuwa ofis, ya wuni a kujera, ya dawo a keken, yana cikin wannan lissafi.

Akwai kuma rayukan da aka rasa a fili. Samuel Okwaraji, ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Najeriya, ya faɗi ya rasu a Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi ya rasu a Lafiya a watan Maris na 2020 ana wasa da Katsina United. Tsakaninsu shekara 30 da 'yan kai, amma tambayoyin da suka biyo baya iri ɗaya ne: wa ya duba zuciyar ɗan wasa kafin kaka ta fara, kuma wa ke bakin fili da ya san abin yi a mintunan farko?

Me ake nufi da fafutukar da mambobi ke ja?

Hanyar da aka saba ita ce shugabanni su ɗinka anko, su kai ziyarar ban-girma ga minista ko kwamishina, a ɗauki hoto, a karanta takardar bayan taro. Buƙatun da ke cikin takardar sukan fito daga mutum biyar ko shida, galibi malaman jami'a. Ba laifi ba ne, domin su ke da ƙofar shiga. Matsalar ita ce abin da ya dami farfesa, kamar kuɗin bincike da kayan ɗakin gwaji, ba shi ne ya dami malamar firamare a Giwa ba, wadda filin makarantarta aka yanka aka gina shaguna.

Ɗaya hanyar tana farawa daga ƙasa. Rassa su tattara matsaloli daga mambobi, a tace su, a kaɗa ƙuri'a kan biyu ko uku da za a sa a gaba a shekarar, a ɗora wa shugabanni alhakin kai su, su kuma dawo su ba da rahoto. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amfanin wannan ba a adalci kaɗai ya tsaya ba, yana ƙara wa magana nauyi. Ɗan majalisa yana iya sallamar wanda ya zo ya ce masa ana raina motsa jiki. Zai yi masa wuya ya sallami wanda ya ajiye masa takarda mai sunayen makarantun mazaɓarsa, da waɗanda ke da malamin motsa jiki da waɗanda ba su da shi, da sa hannun malaman da ke zaɓe a mazaɓar. Irin waɗannan bayanai babu mai su sai mambobi.

Ƙasashen da suka yi nisa sun bi hanyoyi mabambanta. A Afirka ta Kudu tun 1983 aka amince da masu warkarwa ta motsa jiki a matsayin ma'aikatan lafiya, kuma suna rajista da majalisar da ke kula da ma'aikatan lafiya ta ƙasar. A Ostireliya kuwa ƙungiyar masana motsa jiki ta ESSA, wadda aka kafa a 1991, ita ke tantance mambobinta da kanta. Ta gina ma'aunin karatu da ƙa'idar ɗa'a har gwamnati ta yarda da su, kuma daga 2006 inshorar lafiya ta ƙasar ta fara biyan wani ɓangare na kuɗin ganin masanin motsa jiki idan likita ya tura mai doguwar jinya wurinsa. Can ma sai da abin kunya ya faru kafin a kula da ɓangaren wasanni: badaƙalar alluran ƙara kuzari a ƙungiyar ƙwallo ta Essendon a 2013 ta sa majalisar dattawan ƙasar ta yi bincike, aka ga kowa na iya kiran kansa masanin kimiyyar wasanni, daga nan aka matsa kan tantancewa. A Amurka, duk da ƙarfin ƙungiyar masana kimiyya da likitancin wasanni ta ACSM da ta wanzu tun 1954, jihar Luwiziyana ce kaɗai ke ba masu wannan aikin na asibiti lasisi.

Inda aka rabu

Masu neman doka suna cewa sai an kafa majalisar sana'a ta tarayya, mai rajista da lasisi da hukunci. Hujjarsu ita ce a Najeriya ba a girmama abin da ba shi da doka, kuma ba za a buɗe musu gurbi a tsarin aikin asibitocin gwamnati ba sai da ita. Hanyar tana da tsawo: karatu na ɗaya da na biyu, kwamiti, jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, amincewar ɗaya majalisar, sannan sa hannun shugaban ƙasa. Ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa ya ƙare yakan koma farko.

Masu ja da wannan suna nuna yanayin da ake ciki. A 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin daina ɗaukar nauyin hukumomin sana'o'i da dama daga kasafin kuɗi, kuma a Fabrairun 2024 ta ba da umarnin aiwatar da rahoton Oronsaye na rage yawan hukumomi. Sabuwar majalisa za ta rayu ne da kuɗin lasisi, wato daga aljihun matashin da ko aiki bai samu ba. A ganinsu a fara da rajistar sa-kai mai tsauri, a buga sunaye, a bar jama'a da masu gidajen motsa jiki su fara neman takardar, doka ta zo daga baya ta tarar da abu a ƙasa.

Likitocin fisiyo da likitoci suna da tasu damuwar, kuma ba duka kishi ba ne. Motsa jiki a matsayin jinya yana cikin ainihin aikin fisiyo. Suna tambaya: wanda bai yi horo a gadon asibiti ba, zai gane alamar da ke nuna a dakatar da atisaye a garzaya da mutum asibiti? Masana motsa jiki kuma suna amsawa cewa ba su nemi gano cuta ko rubuta magani ba. Abin da suke nema shi ne mutumin da likita ya riga ya duba ya ce masa ya riƙa motsa jiki, aka sallame shi ba tare da an faɗa masa wane iri, minti nawa, da ƙarfin da ya dace ba. Wanda ya san jayayyar da aka daɗe ana yi tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU kan albashi da muƙamai ya san cewa duk ƙudirin da ya isa zauren jin ra'ayi ba tare da an zauna an shata iyaka ba, a nan zai gamu da cikas.

Akwai rukuni na huɗu da ba a cika gayyata taro ba: tsofaffin 'yan wasa da kociyoyin unguwa, da masu horar da 'yan dambe da kokawa. Yawancinsu ba su da digiri, amma su ke riƙe da yaran Tudun Wada da Kawo da Kakuri kowace yamma, sau da yawa ba ko sisi. Dokar da ta ce sai mai digiri za ta mayar da su masu laifi a dare ɗaya, kuma babu isassun masu digirin da za su maye gurbinsu. Mafitar da ake kawowa ita ce matakai: gajeren horo na taimakon farko da kare yara ga kocin unguwa, difloma ga mai horarwa a gidan motsa jiki, digiri da horon asibiti ga wanda zai taɓa mara lafiya. Ƙungiyar da malaman jami'a kaɗai ke magana a cikinta tana iya mantawa da wannan rukuni, kuma wannan na daga cikin manyan hujjojin masu cewa a faɗaɗa wakilci.

Ita ma fafutukar mambobi tana da nata rauni. Tana cin lokaci, mambobi da yawa ba sa biyan kuɗin ƙungiya, kuma ƙuri'a takan karkata ga abin da zai ƙara wa mamba albashi fiye da abin da zai kare jama'a. Gwamnati takan gane bambancin da wuri.

Ƙofofin da ke kusa a Kaduna

Ba komai ne sai an je Abuja ba. Ɗaukar malaman firamare yana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da ƙananan hukumomi 23. Kare filayen makarantu daga masu gini maganar jiha ce. Sharuɗɗan buɗe gidan motsa jiki, kamar akwatin taimakon farko da ma'aikaci ɗaya da ya iya danna ƙirji don farfaɗo da zuciya, abu ne da majalisar dokokin jiha mai mambobi 34 a Lugard Hall za ta iya dubawa. Hukumar KADCHMA ita ke tsara abin da inshorar lafiya ta jiha ke biya. Akwai kuma taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, inda ƙungiya za ta iya zuwa da buƙata ɗaya rubutacciya da kuɗinta.

Kaduna ta taɓa ganin rigima kan wa ke da hurumin auna ma'aikaci. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 sun faɗi, ƙungiyar malamai ta NUT kuma ta ce wannan aikin TRCN ne. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, darasin ga masana motsa jiki a fili yake: sana'ar da ba ta tsara ma'auninta da kanta ba, wata rana wani zai tsara mata.

Abin da zai taɓa mutumin gari

Da safiyar Asabar a Murtala Square ana ganin dattawa masu tumbi, da mata cikin hijabi da kambas, da samari masu ɗaga ƙarfe, sau da yawa duk a layi ɗaya suna bin umarnin mutum ɗaya. Da wuya a ga an tambayi sabon zuwa ko yana shan maganin hawan jini, ko ya karya kafin ya fito. Alhali mai hawan jini bai kamata ya riƙe numfashi yana ɗaga nauyi ba, mai yin allurar insulin sugansa na iya faɗuwa ana cikin gudu, kuma wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri dole ya tsaya nan take. Lokacin azumi da zafin watan Afrilu suna ƙara wa lissafin wuya. Mai horarwa da aka tantance zai fara da waɗannan tambayoyi, kuma in ya yi sakaci akwai inda za a kai ƙararsa. Tantancewar za ta kuma sa mai tallan hodar ƙara ƙwanji da ƙwayoyi ya sha wuyar fakewa da sunan koci.

Farashi zai iya tashi. Mai takarda zai nemi albashi mafi tsoka, mai gidan motsa jiki kuma zai ɗora wa masu zuwa. In inshora ba ta shigo ba, masu hali ne za su fara cin moriyar gyaran, talaka ya ci gaba da zagaye fili shi kaɗai. Shi ya sa maganar KADCHMA da cibiyoyin lafiya na matakin farko ta fi maganar lasisi kusa da aljihun mutane.

Ga mata abin ya danganta da wa ke cikin ƙungiyar. Mata da yawa a Kaduna da Zariya ba za su yi atisaye a gaban namiji ba, mazajensu ma ba za su bari ba. Buƙatar horar da mata masu horarwa, da ware musu lokaci ko wuri a filayen gwamnati, ba ta cika shiga takardar bayan taro ba sai in matan suna zaune a wurin da ake rubuta ta.

Ga iyaye kuwa, sabuwar manhaja ta ba darasin suna a jadawali, amma ba ta ɗauki malami ba, ba ta sayi ƙwallo ba, ba ta kuma dawo da filin da aka yanka ba. Waɗannan suna cikin kasafin jiha da na ƙananan hukumomi, kuma kwamitin gudanar da makaranta na unguwa yana da damar tambayar shugaban makaranta wa ke koyar da darasin, sau nawa a mako, kuma a aji ake yi ko a fili.